Na je Kashina ta Italiya, inda ake kasa kunne a ji karon taurari

Tunda na dawo Zariya mutane ke tambayata wai wane irin wuri ne wancan da na saka hotonsa a status, doguwar rumfa shuɗiya a tsakiyar gonaki, wani abokina ma cewa yayi ya ɗauka gidan kaji ne na turawa. To bari in bada labarin gaba ɗaya in huta da amsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni malamin fiziks ne, kuma a watan Mayun 2024 na samu zuwa wani gajeren kwas a cibiyar binciken fiziks ta duniya, ICTP, da ke Tiriyeste, can arewa maso gabashin Italiya dab da iyakar Sulobeniya, cibiyar da Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964. Maganar biza da jirgi daga Abuja ku barta kawai, wahala ce irin wadda kowa ya sani. A can na haɗu da wani ɗan Maraɗi mai karanta lissafi, ranar farko a layin abinci naji yana waya yana cewa "lahiya lau Inna", nace kai, yau ga ɗan gida. Shi na fara gaya wa cewa tun ina ɗalibi nake son ganin Virgo, na'urar da ke kama igiyoyin girabiti, wato rawar da sarari ke yi in manyan taurari suka yi karo, kuma na cike fom ɗin ziyara an bani Asabar, kyauta ne. Yace ina take? Nace wani ƙaramin gari kusa da Pisa, ana rubuta shi Cascina amma Italiyawa Kashina suke cewa. Sai ya fashe da dariya yace "Malam ashe gida za mu, ai ni Bakatsine na, sarkinmu na Maraɗi ma Sarkin Katsina aka ce mai." Shi kenan na samu abokin tafiya.

Mun tashi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. A gaban tashar jirgin ƙasa ta Tiriyeste akwai wani fili da samari 'yan Afganistan da Pakistan ke taruwa, waɗanda suka ratso ƙasashen Balkan da ƙafa, wasu ƙafafunsu duk bandeji, don haka masu kaki basa rabuwa da wurin. Muna shiga kuwa biyu suka tare mu, takardu. Hannuna har ya tafi aljihun da nake ajiye canji saboda sabo da hanyar Kaduna, sai na tuna inda nake na fiddo fasfo da wasiƙar gayyata. Ɗayan ya juya wasiƙar ya karanta, ya kalle ni, ya buga lambar fasfon a wata 'yar na'ura, minti uku aka miƙo mana kayanmu. Ba wanda ya nemi na goro. Amma fa na lura turawan da suka shigo tare damu ba wanda aka ce wa uffan, wannan kuma na haɗiye shi.

Tikitin Tiriyeste zuwa Fulorens yuro 41 na biya, lokacin yuro ɗaya wajen naira 1,600, ni dai na daina lissafawa a naira tun a satin farko don kada hawan jini ya kama ni. Awa biyu zuwa Mestire kusa da Benis, muka canza zuwa mai gudu, daga Bolonya zuwa Fulorens kusan duk cikin ramin dutse ake tafiya ba abun gani sai fuskarka a gilashi. A Fulorens muka sayi tikitin takarda na ƙaramin jirgi zuwa Pisa, yuro 9 da 'yan kai, muka shige da gudu. Ashe irin wannan tikitin sai ka zura shi a wata na'ura a bakin dandamali ta buga masa lokaci, in baka yi ba daidai kake da wanda bai biya ba. Mai duba tikiti ta iso kanmu, ta juya shi gaba da baya, ta fara magana da Italiyanci tana nuna wurin da babu hatimi, naji cikina ya ɗuri ruwa don an riga an bani labarin tarar. Mutumina ne ya cece mu, ya haɗa Faransancinsa da ɗan Italiyancin da ya tsinta, yana dafa ƙirji yana bata haƙuri, ta yi shiru can ta ciro biro ta rubuta kwanan wata da lokaci a kan tikitin ta ɗaga mana yatsa alamar kada a kuma. Nace to yau Faransanci yayi rana.

Ƙarfe 9 da wani abu na dare muka sauka Pisa. Masauki irin na matafiya muka kama kusa da tasha, ɗaki ɗaya gado shida, yuro 32 kowa. Muka ci shawarma ta yuro 6 a shagon wani ɗan Bangaladash da ya tabbatar mana halal ce, muka haɗa Magariba da Isha a lungun gado, sannan wani ƙaton bature da ke saman gadona ya kwana yana minshari kamar injin niƙa.

Da safe muka yi kuskuren da ya kusa sa tafiyar ta tashi a banza. A taswirar waya naga tashar Nabakkiyo tafi kusa da wurin, minti goma daga Pisa, nace mu sauka can mu hau tasi. Muka sauka, tasha fayau, ba tasi ba bas ba ko mai sayar da ruwa. A gida ko a ƙauyen da yafi kowane ƙauye ka sauka, kafin ka ajiye jaka ɗan acaɓa uku sun kewaye ka, nan kuwa sai kukan tsuntsaye. Waya ta nuna tafiyar sama da awa ɗaya a ƙafa, ga lokacin da aka bamu saura minti 40. Muka kama hanya dai muna sauri, mutumina yana ta mita "wanga tahiya Malam, da na sani da na kwana abina." Mun yi kamar minti 15 sai wata tsohuwar Fiat Panda ta wuce mu ta tsaya ta dawo da baya, wani dattijo ne da kwandunan kayan lambu a baya da ƙaramin kare a kujerar gaba. Kalma ɗaya muka faɗa, Virgo, ya gyaɗa kai ya buɗe ƙofa. Duk hanya yana ta zuba da Italiyanci yana nuna gonaki, mu muna ta "si, si" bamu san me muke amsawa ba, karen kuma ya juyo ya ƙura min ido har muka isa, ni kuma na maƙure jikin ƙofa ina tattare rigata. Na miƙa masa yuro 10 a bakin get ya ture hannuna kamar na zage shi.

Gaskiya ganin farko ban ji komai ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa, wasu gine-gine marasa ado, sai rumfunan nan shuɗaye guda biyu da suka fita daga gini ɗaya, ɗaya ta nufi arewa ɗaya yamma, kowace kilomita 3, ido baya ganin ƙarshensu. Nace a raina yanzu wannan na kashe wa kuɗin abincin sati? Aka haɗa mu da 'yan sakandare da wasu iyalai, wata matashiyar mai bincike ce ta zagaya damu, tana yi da Italiyanci sannan ta juyo ta maimaita mana da Turanci.

Ga abun a taƙaice yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Girabiti shine ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa ya kuma riƙe wata a kewayen duniya. Einstein yace sararin da muke ciki ba fanko bane kawai, yana lanƙwasa kamar zanin da mutum huɗu suka ja aka ɗora dutse a tsakiya, kuma a 1916 ya lissafa cewa in abubuwa masu tsananin nauyi suka yi juyi da ƙarfi to zanin zai yi rawa, rawar ta bazu da gudun haske. In ta ratsa ta kanka zaka ƙara tsawo ka rage faɗi, sannan ka rage tsawo ka ƙara faɗi, amma da ƙanƙantar da shi kansa bai zaci za'a taɓa aunawa ba. To yadda ake kamata, ka ɗauka ka aiki yara biyu masu gudu iri ɗaya, ɗaya arewa ɗaya yamma, nisa ɗaya, kullum tare suke dawowa. Ranar da ɗaya ya riga ɗaya alhali ba wanda ya tsaya wasa, ka san hanyar ce ta canza tsawo. Yaran sune hasken leza da aka raba biyu, yana zuwa ƙarshen rumfa ya bugi madubi ya dawo, yayi ta kai da komo ɗaruruwan sau kafin a haɗa su, kuma an saita su yadda in sun haɗu suna kashe juna, duhu. In igiya ta wuce sai ɗan haske ya tsira, shi ake jira.

Da ta faɗi girman motsin da suke aunawa sai da nasa ta maimaita duk da na sha karanta shi, kashi ɗaya cikin dubu na faɗin furoton, furoton ɗin da ke cikin ƙwayar zarra. Tace kamar ka auna nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa bayan rana, tafiyar haske ta shekara 4 da ɗoriya, ka gane ya canza da kaurin gashi ɗaya. Mutumina ya matso kunnena yace "Malam wagga ƙarya ta yi yawa." Nace lissafa da kanka mana ai kai ne mai lissafi, ya fiddo waya ya danna ya danna, sai naji yayi shiru.

Aka shiga damu cikin rumfar. A nan ne jikina ya fara sanyi. Bututun ƙarfe ne faɗinsa mita 1.2, ya miƙe ɗoɗar, fitilu na jere a gefe suna ƙanƙancewa har su haɗe su zama ɗigo ɗaya can inda ido ya gaza. Na ɗora tafin hannu a kai, sanyi ƙalau, ba ƙara ba rawa, ka rantse ba abun da ke ciki, kuma kusan hakan ne don an zuƙe iskar ciki kusan kaf, tunda ko ƙwayoyin iska in suka gifta gaban hasken sun ɓata awo. Yaran sakandaren nan masu surutu ma sai naji sun koma raɗa ba wanda yace su yi shiru.

Abun da na fahimta a wurin wanda littafi bai taɓa sa na ji a jikina ba shine, aikin mutanen nan kusan gaba ɗaya yaƙi da motsi ne. Kama igiyar kanta kamar kyauta ce da ke zuwa in ka gama hana komai motsi. Madubi ɗaya kilo 42, faɗinsa santimita 35, ba'a ajiye shi a kan komai ba, rataye yake da zaren gilashi siriri, shima abun da ke riƙe da zaren rataye yake, haka lilo a ƙarƙashin lilo a ƙarƙashin lilo cikin wata hasumiya mai tsayin wajen mita 10, kowane mataki yana shanye girgizar ƙasa kafin ta kai na ƙasa dashi. Ta nuna mana samfurin, ta girgiza saman da hannu, na tsuguna ina kallon na can ƙasa, ko gezau. Duk da haka tace teku in ya yi haushi a gaɓar Tuskani suna gani, iska mai ƙarfi suna gani, girgizar ƙasa a Japan ko Cile tana iya watsa saitin madubin gaba ɗaya sai an sake kamo shi. Ta bamu labarin takwarorinsu na LIGO, na'urori biyu irin Virgo da ke Hanford da Livingston a Amurka, a ta Hanford a 2017 wata ƙara ta riƙa shigo musu basu san daga ina ba, da aka bi diddigi ashe hankaki ne ke zuwa suna saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya na'ura saboda zafin rani. Ni dai tunanina ya tafi unguwarmu, janareton maƙwabci, mai niƙa, tirelolin hanyar Kano, lasifikar masu maganin gargajiya, nace mu in aka kawo mana wannan sai dai a kaita can tsakiyar hamadar Tenere, mutumina yace to can ma iska ta ishe ta.

Saboda na'urar tana kan aiki, tun watan Afrilu ta koma saurare tare da na Amurka, ba'a kai mu kusa da ginin tsakiya inda madubai suke ba, wannan ya ɗan ƙona min rai amma na gane dalili, takun ƙafarmu ma hayaniya ce. Ɗakin sa ido muka leƙa, mutum biyu kawai da kofin kofi da bango cike da sikirin. Ta nuna wata lamba da ke sama, 50 da 'yan kai, tace nisan da Virgo ke iya jiyo karon taurarin niyutiron, wato ragowar manyan taurarin da suka mutu suka dunƙule, kenan a ma'aunin megafasek, kowane ɗaya tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26, kuma bata ɓoye ba tace na LIGO biyun masu rumfuna kilomita 4 suna jiyo ninki biyu zuwa uku na haka. Wani uba a cikinmu yace to meye amfanin taku? Sai ta kawo labarin 17 ga Agustan 2017. Ranar taurarin niyutiron biyu suka yi karo, LIGO biyu suka ji da ƙarfi, Virgo da ta shiga aikin ranar 1 ga watan kusan bata ji ba, kuma wannan rashin jin ne ya tona asirin wurin, don an san kusurwoyin da kunnenta baya kamawa, sai aka ce to abun yana ɗaya daga cikinsu. Daƙiƙa 1.7 bayan igiyar tauraron ɗan adam na Fermi ya ga walƙiyar wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gamma, kafin awa 12 masu madubin hangen nesa a Cile sun gano sabon ɗigon haske a tarin taurari na NGC 4993, nisan shekara miliyan 130 na haske, wuraren hangen sama wajen 70 suka juya can. A cikin hasken aka ga alamar ana ƙera ƙarfuna masu nauyi, dangin su zinare. Na tuna haƙorin Makka na kakata da 'yan kunnen da ake ɓoyewa a ƙasan adaka, nace Subhanallahi a fili har wata yarinya ta juyo.

Sai ta kunna mana sautin da aka fitar daga igiyar karo na farko da aka taɓa kamawa, na 14 ga Satumban 2015, wanda LIGO ta kama lokacin ita Virgo tana rufe ana mata gyara. Baƙaƙen ramuka biyu, wato dunƙulen nauyin da ko haske baya iya kuɓuce wa girabitinsu, ɗaya nauyin rana 36 ɗaya 29, suka haɗe suka zama mai 62, nauyin rana uku ya tafi a igiya cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, tayi tafiyar shekara biliyan 1.3, ta taɓa Livingston sannan Hanford bayan kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa. Wani matashi ɗan Italiya Marco Drago da ke aiki a Hanoba ta Jamus shi ya fara ganinta a kwamfuta, kuma da farko an zaci gwaji ne irin wanda ake cusawa a ɓoye don a jarraba su. Duk muka yi tsit, ta danna. Kun san ƙarar ɗigon ruwa in ya faɗa randa da ta kusa cika? Ƙulum. Shi kenan. Mutumina yace "shi ke nan?" da ƙarfi, kowa ya kwashe da dariya, ta sake sakawa har sau huɗu.

Ni abun da ya tsaya min ba kuɗin bane, ko da yake LIGO kaɗai ta ci sama da dala biliyan ɗaya. Haƙurin ne. LIGO ta farko ta saurara daga 2002 zuwa 2010 bata ji komai ba, ko ɗaya, kuma ba'a rufe ta an ce asara ce ba, aka ƙara kuɗi aka gyara. Virgo kuma Adalberto Giazotto da Alain Brillet Bafaranshe tun shekarun 1980 suke bin gwamnatocinsu, aka gama gini 2003, bata kama igiyarta ta farko ba sai 14 ga Agustan 2017, Giazotto ya rasu a Nuwamban shekarar, wata uku kacal bayan nan. Gwamnatoci nawa aka yi a Italiya a tsakanin, ba wanda yazo yace aikin na wanda ya gada ne don haka a barshi ciyawa ta cinye. Ina tsaye ina tuna wani ɗakin gwaji da na sani wanda aka kawo wa kaya tun ina ɗalibi har yau suna cikin kwali. Zuwa Maris 2020 sun tara karo 90, a 2024 kuma duk bayan kwana biyu uku sai an samu sabo, har ya zama ba labari.

Komawa wani malamin makarantar yaran ya rage mana hanya a motarsa har Pisa. Da la'asar muka je hasumiyar nan mai karkata, wadda aka fara ginawa a 1173 ƙasa mai laushi ta sa ta kwanta gefe, hawa yuro 20 ne nace na yafe, daga ƙasa ma ina ganinta. Mutane ɗari kowa ya ɗaga hannu a iska wai yana tallabe ta a hoto, mutumina ma sai da yayi, ina da hoton in ya musa. 'Yan Senegal masu sayar da tabarau da agogo suka yi mana sallama, ɗaya ya tambayi ɗan Maraɗi labarin gida da Faransanci kamar sun shekara tare, shi ya nuna mana inda zamu ci cecina, wata waina ce ta garin wake irin nasu da ake gasawa a faffaɗan faranti, ɗanɗanonta tsakanin alale da ƙosai, saura yaji kawai, yuro 3. A cocin da ke gefen hasumiyar ne ake cewa Galileo, haifaffen garin a 1564, ya zauna yana kallon fitila tana lilo har ya gane sirrin lilo, ko gaskiya ne ko ƙari ne oho, amma na ji daɗin cewa kilomita kaɗan daga nan jikokinsa har yau lilo suke ratayewa.

Lahadi muka koma Tiriyeste, wannan karon sai da na buga tikitin sau biyu. Duka duka tafiyar ta ci min yuro 190 da wani abu.

Satin da na dawo na shiga aji da 'yar lasifika ta bulutut, na zana L babba a allo na basu labarin yara biyu da aike, nace to ku yi shiru ku ji baƙaƙen ramuka. Ina dannawa janareton shagon fotokwafi na bayan taga ya tashi. Na tura monita ya roƙe shi minti ɗaya, ya kashe, na sake dannawa, ƙulum. Aji yayi tsit, can wata daga baya ta ɗaga hannu tace Malam bamu ji ba, a sake sakawa.